Gwajin DNA kaɗai ba ya raɗa wa dodon koɗi suna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a shafin wasiƙu domin mu yi magana a kan wata gajeriyar hanya da ake bi a wasu ayyukan ɗalibai na sassan nazarin halittu. Ɗalibi zai tsinto dodon koɗi a lambu, irin wanda ba ya ɗauke da kwanso a bayansa, ya yanki ɗan nama ya aika ɗakin gwaji. Bayan 'yan makonni a turo masa jerin haruffan DNA, ya zuba su a rumbun GenBank ta intanet, kwamfuta ta ce sun yi kama da wani jinsi da kashi 97 cikin ɗari, shi ke nan sai ya rubuta wannan suna a kundinsa. Dabbar kuwa tuni ta tafi bola. Babu mai iya dawowa ya tabbatar da sunan ko ya ƙaryata shi, kuma dodon koɗi mara kwanso yana sahun gaba cikin dabbobin da wannan hanya ke yaudarar mutum a kansu.

Marasa kwanso dai ba dangi ɗaya ba ne. Masu feɗe su sun daɗe da sanin haka, DNA ya zo ya ƙara tabbatarwa. A 2001 Christopher Wade da Peter Mordan da Bryan Clarke a Ingila suka fitar da bishiyar nasabar dodannin koɗi na tudu daga wani yanki na DNA ɗin cibiyar ƙwayar halitta, aka faɗaɗa aikin a 2006 tare da Fred Naggs. Bishiyar ta rabu gida biyu manya. Ɗaya ya ƙunshi ƙattin nan irin Achatina da ake ci a kudancin Najeriya da 'yan uwansu, ɗayan ya kwashe yawancin saura. Marasa kwanso ba su taru a reshe guda ba, warwatse suke. Limacidae da Agriolimacidae na Turai sun fi kusa da Vitrinidae, masu ɗan siririn kwanso da sau da yawa jiki ba ya shigewa ciki duka. Athoracophoridae na Niyu Zilan da Ostireliya makusantansu su ne Succineidae, masu kwanso da ke zama a bakin ruwa. A dangin Urocyclidae na Afirka akwai mai cikakken kwanso, akwai mai rabi, akwai wanda ba a ganin komai a bayansa. Veronicellidae kuwa, masu faffaɗan baya da suka fi yawa a ƙasashe masu zafi, ba sa ma cikin babban rukunin da ya haɗa waɗancan duka.

Dalilin kamannin a fili yake. Kwanso yana cin sinadarin kalsiyam da yawa, babban amfaninsa kuma hana jiki bushewa. A inda danshi ba ya yankewa, ƙasa kuma ba ta da kalsiyam sosai, wanda kwansonsa ya ƙanƙance ya huta da kaya, ya kuma iya kutsawa cikin tsaga, ƙarƙashin ɓawon itace ko cikin ƙasa. Da zarar kwanso ya ragu, kayan cikin da a da suke nannaɗe a cikinsa sai su sauko cikin gangar jiki, jikin ya miƙe ya yi tsawo. Ko daga wane dangi aka taso, siffar da ake ƙarewa da ita kusan ɗaya ce, kama da wane kuwa ba ta wane.

Ido yana iya kai mutum ga dangi idan ya san inda zai duba. A Arionidae ƙofar numfashi, wadda ke gefen dama, tana gaban tsakiyar garkuwar baya, wato fatar nan mai kauri da ke bayan kai, a Limacidae kuma tana bayan tsakiya. Milacidae suna da siririn tudu mai kaifi tun daga garkuwa har wutsiya, na yawancin Limacidae wajen wutsiya kawai yake. Daga nan aikin ido ya ƙare. Launi ba abin dogara ba ne, domin jinsi ɗaya na manyan Arion yana fitowa baƙi, ja, ruwan ƙasa ko ruwan lemo, ƙanana kuma ba sa kama da iyayensu. Gaɓoɓin haihuwa su ke raba jinsi da jinsi, su kuma sai an feɗe balagagge ake ganinsu.

A 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya kawo shawarar a ɗauki wani ɗan yanki na DNA ɗin maitokondiriya, gurbin COI mai haruffa 658, ya zama lambar shaidar kowace dabba. Maitokondiriya wasu ƙananan sassa ne da ke samar wa ƙwayar halitta ƙarfi, suna da DNA nasu daban, kuma ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. A malam-buɗe-littafi da tsuntsaye dabarar ta yi aiki, domin 'yan jinsi ɗaya ba safai bambancinsu yake wuce kashi 2 ko 3 cikin ɗari ba. A dodon koɗi na tudu wannan ma'auni bai tsaya ba. A 2005 Jan Pinceel da Kurt Jordaens da Thierry Backeljau a Beljiyam suka binciki Arion subfuscus a yammacin Turai, suka sami zuriya biyar a gurbin 16S na maitokondiriya, bambancin da ke tsakaninsu daga kashi 9 zuwa 21. Wanda ya riƙe dokar kashi 3 zai ce jinsi biyar ne, ya fara neman sunaye. Amma da suka duba gurbin ITS1 na cibiyar ƙwayar halitta, zuriyoyin ba su rabu tsaf ba. Dabba ce mai tafiyar hawainiya, kowane ayari ya daɗe a keɓe a kwarinsa, DNA ɗin maitokondiriyarsa kuma yana sauyawa da sauri, don haka nisa a wannan gurbi ba lallai ya zama rabuwar jinsi ba.

Labarin Arion vulgaris ya fi wannan koyarwa. Daga tsakiyar shekarun 1950 wani babban dodon koɗi mai launin ruwan ƙasa ya riƙa bazuwa a Turai yana cinye lambuna. Aka kira shi Arion lusitanicus, sunan da masanin Faransa Mabille ya ba wani jinsi na ƙasar Fotugal a 1868, jama'a kuma suka laƙaba masa ɗan Sifen. Shekaru kusan arba'in ana rubuta wannan suna a littattafai da takardun bincike. Sai da aka koma Fotugal aka feɗe na asalin, daga baya aka karanta DNA ɗinsa, sannan aka gane dabbobi biyu ne daban. Maɓarnacin sunansa Arion vulgaris, sunan da masani Moquin-Tandon ya raɗa tun 1855. Ko asalinsa ma ba Sifen ba ne. Markus Pfenninger da abokan aikinsa a 2014 suka ce ɗan tsakiyar Turai ne, Miriam Zemanova da nata a 2016 suka fi karkata ga yammacin Turai, wajen Faransa. Abin da ya shafi ɗalibinmu a nan shi ne jerin haruffan da aka zuba a GenBank da tsohon suna ba duka aka gyara ba. Kwamfuta za ta ba shi kashi 100 cikin ɗari a kan sunan da ba daidai ba, ba kuma za ta yi masa gargaɗi ba. Haka abin yake da Deroceras invadens, wanda Heike Reise da John Hutchinson da abokansu a Jamus suka raɗa wa suna a 2011, bayan an daɗe ana kiransa Deroceras panormitanum a nahiyoyi da dama, alhali ainihin mai wannan suna ɗan Sisili da Malta ne.

Arion vulgaris yana kuma barbara da Arion rufus da Arion ater a inda suka haɗu, an tabbatar da haka a Suwizalan da Norwe da Jamus. Ɗan da aka samu zai ɗauki maitokondiriyar uwarsa ɗungurungum. Idan zuriyarsa ta ci gaba da barbara da dangin uba, bayan 'yan haihuwa za a sami dabbar da jikinta da gaɓoɓinta duk na jinsi ɗaya ne, COI ɗinta kuma na wani jinsin. Gurbi ɗaya na maitokondiriya ba zai taɓa tona wannan ba, komai kyan karatun.

Ba muna cewa a bar DNA ba ne. A 2014 Ben Rowson na gidan adana kayan tarihi na Wales da abokan aikinsa suka sake bin marasa kwanso na Birtaniya da Ayalan, ƙasashen da ake ganin an gama sanin dabbobinsu, suka ƙara yawan jinsin da fiye da kashi 20 cikin ɗari. Sun yi nasara ne saboda sun haɗa DNA da feɗewa, kuma dabbobin da suka karanta suna nan a ajiye da lambobinsu.

Ga yadda ake yi tun daga fili. Da dare ko bayan ruwan sama ake samunsu, a ƙarƙashin tukwanen shuka, gungume, duwatsu da tarin ganye. Jiƙaƙƙen kwali ko katako da aka kwantar da yamma yakan tara su kafin safiya. A sa safar hannu, domin wasunsu suna ɗauke da tsutsar huhun ɓera, Angiostrongylus cantonensis, wadda ke haddasa wani nau'in sanƙarau ga ɗan Adam idan ta shiga ta baki. A nemi balagaggu, biyar zuwa goma daga kowane wuri, kuma daga wurare da dama, domin dabba ɗaya ba ta nuna iyakar bambancin da ke cikin jinsi. A ɗauki hoton kowace tana raye tana miƙe, kusa da ma'auni: baya, gefen dama, da tafin da take tafiya a kai. A rubuta launin yauƙinta, domin etanol zai wanke launi ya tamke jiki. Kowace dabba lambarta daban, a rubuta da fensir a takarda mai kauri a jefa cikin kwalbar, tare da kwanan wata da lambobin GPS. Tawadar biro narkewa take yi a etanol.

Naman gwaji daga ƙarshen wutsiya ko gefen tafi ake yankowa, gwargwadon ƙwayar shinkafa, wato miligiram 10 zuwa 25, da sabuwar reza ga kowace dabba. A guji kayan ciki. A hanta akwai sinadaran narkar da abinci masu daddatsa DNA, a hanji akwai abin da ta ci da tsutsotsi. A guji gaɓoɓin haihuwa ma, domin waɗannan dabbobi mata-maza ne, kuma suna ajiye maniyyin abokin barbara a jikinsu, sai a karanto DNA ɗin dabbar da ba a kama ba. Naman ya shiga etanol mai ƙarfin kashi 96 ko fiye, wanda yawansa ya ninka na naman sau goma aƙalla, a kuma sauya shi bayan awa 24. Wannan sauyi shi aka fi mantawa. Jikin dodon koɗi yawancinsa ruwa ne, ruwan yana fita ya tsinka etanol ɗin, DNA ya soma lalacewa a cikin kwalbar da ake ganin lafiya lau take. Fomalin ba ya cikin wannan aiki ko kaɗan, yana ɗaure DNA da furotin ta yadda ba ya karantuwa, haka kuma sifirit na kanti mai gauraye. An saba nutsar da dabbar a ruwa ta kwana domin ta mutu a miƙe, feɗewa ta yi sauƙi. Babu laifi, amma a yanki naman kafin nan, domin a daren zafi ruɓewa ba ta jiran safiya. Sauran jikin ya shiga etanol mai kashi 70 zuwa 80. Ajiya a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili ta fi, sai dai inda ake yawan ɗauke wuta, narkewa da sake daskarewa suna yi wa DNA illa, gara etanol mai ƙarfi a kwalba mai kyakkyawan murfi a wuri mai sanyi da duhu, ana duba ta kada ta ƙafe.

A ɗakin gwaji babban abokin gaba shi ne yauƙi. Sinadaran da ke cikinsa suna bin DNA har ƙarshen tacewa, su hana PCR, wato gwajin ninka kwafin DNA, tashi. Shi ya sa tsohuwar hanyar tace DNA da sinadarin CTAB, mai raba shi da yauƙi, har yau take da daraja a wannan fanni: CTAB kashi 2, gishiri mola 1.4, EDTA milimola 20, Tris milimola 100 a pH 8, a ƙara furotinas K, a bar naman a digiri 55 zuwa 60 na awa uku ko ya kwana har ya narke. Sai a girgiza da kulorofom da aisoamil, 24 ga 1, a juya a inji na minti 10, a kwashe ruwan sama a hankali ba tare da taɓa farin dattin tsakiya ba. Idan ruwan bai yi garau ba a maimaita. A kwantar da DNA da aisofuropanol mai sanyi, a wanke da etanol kashi 70, a bari ya sha iska, a narkar a maikrolita 50 zuwa 100. A na'urar auna tsabtar DNA da haske, ma'aunin da ake kira 260 bisa 280 ya kasance wajen 1.8. Idan 260 bisa 230 ya faɗi ƙasa da 2 sosai, akwai sauran yauƙi ko gishiri. A nan ɗalibai da yawa sukan ƙara DNA a cikin PCR suna zaton bai isa ba ne, alhali ƙara shi ƙara abin da ke hanawa ne. Maganin a tsinka shi da ruwa, 1 ga 10 ko 1 ga 50, ko a sa ɗan BSA, wani furotin mai rage wannan hanawa.

Ga COI, faraimomin da Folmer da abokansa suka fitar a 1994, LCO1490 da HCO2198, su aka fi amfani da su; faraima ɗan guntun DNA ne da ke nuna wa PCR yankin da zai ninka. A haɗin maikrolita 25 ana sa magniziyam kuloraid milimola 1.5 zuwa 2.5, dNTP, wato tubalan haruffan DNA huɗu, milimola 0.2 kowanne, faraima maikromola 0.2 zuwa 0.4, Taq, sinadarin da ke yin kwafin, yunit ɗaya, da DNA maikrolita 1 ko 2. A na'urar PCR, digiri 94 na minti 3, sai zagaye 35 na daƙiƙa 30 a 94, daƙiƙa 45 a tsakanin 45 da 50, minti ɗaya a 72, a rufe da minti 7 a 72. Kowane zubi ya kasance da kwalba ɗaya da ba a sa mata DNA ba. Idan ita ma ta fito da layi a jel ɗin da ake duba sakamakon PCR a kai, zubin duka ya gurɓata, a zubar. Layin da ake nema yana wajen haruffa 710, ya koma 658 bayan an datse faraimomi. A karanta shi ta gaba da ta baya, a duba zanen karatun da ido. Sannan a juya jerin zuwa furotin da jadawalin maitokondiriyar dabbobi marasa ƙashin baya, wato na 5. In aka ga alamar tsayawa ko giɓi a tsakiya, to mataccen kwafi ne da ya ɓata ya shiga cibiyar ƙwayar halitta, ko kuma karatun bai yi kyau ba. Faraimomin Folmer ba su da zaɓe, suna kama tsutsa, bakteriya, har da mai gwajin kansa.

COI ɗaya bai isa ba, kamar yadda aka gani. A ƙara 16S, a kuma ƙara aƙalla gurbi ɗaya na cibiya: ITS2 don jinsin da ke kusa da juna, 28S ko histon H3 don nasaba mai nisa. Ƙara 16S kaɗai ba sheda ta biyu ba ce, tunda shi da COI tare ake gadonsu daga uwa ɗaya.

Wajen gina bishiya ma akwai ramuka. Jera COI yana da sauƙi, amma 16S da ITS2 suna da wuraren da tsawonsu ke bambanta, sai an jera da manhaja irin MAFFT an kuma duba da ido an cire inda jerin bai tabbata ba. Bishiyar da manhajar MEGA ke zanawa cikin daƙiƙa ta hanyar haɗa mafi kama da mafi kama tana da amfani don kallon farko, amma ba hujjar nasaba ba ce. A yi amfani da manhajar IQ-TREE ko RAxML, a kuma gwada da MrBayes. A gina bishiyar kowane gurbi daban kafin a haɗa su, domin inda na uwa ya saɓa da na cibiya, nan ake neman barbara tsakanin jinsi. Ƙarfin reshe ana auna shi da maimaita lissafin sau 1000 ana sake zaɓen ginshiƙan haruffa. Reshen da bai kai kashi 70 ba a wannan gwaji na asali, ko 95 a gwajin gaggawa na IQ-TREE, ko 0.95 a ma'aunin MrBayes na daban, kada a gina magana a kansa. A sa ɗan waje, wato jinsin da aka san ba ya cikin rukunin amma bai yi nisa ƙwarai ba, shi ke nuna inda saiwa take.

Kada kuma a tambayi COI abin da ya fi ƙarfinsa. Haruffa huɗu ne kacal, A da C da G da T, kuma harafi na uku a kowane rukunin uku yana sauyawa da sauri. Tsakanin dangi da dangi, wuri ɗaya ya sauya sau da yawa har tarihin ya goge, jinsi biyu da ba su haɗa komai ba sai su dace a harafi ɗaya bisa katari. Sakamakon shi ne dogayen rassa su jawo juna, matsalar da Joseph Felsenstein ya bayyana tun 1978, kwamfuta ta haɗa Arion da wani dangi na nesa ta kuma ba reshen lamba mai kyau. Tambayar wane dangi ya fi kusa da wane tana buƙatar gurabe masu sauyi a hankali, yanzu ma ɗaruruwan gurabe ake haɗawa. Manhajojin raba jinsi irin ABGD da ASAP da GMYC hasashe suke bayarwa, sukan kuma saɓa wa juna, sai an koma ga gaɓoɓin haihuwa an gani ko rabuwar tana nan.

Ga mai aiki a Afirka ta Yamma akwai ƙarin matsala. Rumbunan DNA cike suke da jinsin Turai da Amurka ta Arewa, na Urocyclidae da Veronicellidae na yankinmu kaɗan ne a ciki. Kwamfuta kuwa ba ta cewa ba ta sani ba, mafi kusa cikin abin da take da shi za ta kawo, ko da kamar kashi 85 ce, ko da dabbar daga wata nahiya take. Idan sakamako ya zo haka, a tsaya a sunan dangi ko a kalmar farko ta sunan jinsi, irin Arion, a bi shi da sp., alamar ba a tantance jinsin ba, a kuma feɗe dabbar a zana gaɓoɓinta a gwada da tsoffin bayanan jinsin Afirka. Wannan ba gazawa ba ce a kundin ɗalibi, kuma muna roƙon malamai masu duba aiki su daina matsa wa ɗalibai sai sun kawo cikakken suna. Sunan da aka ƙaga yana shiga GenBank, na baya ya zo ya dogara da shi, jami'in kula da shigowar tsirrai ko mai binciken tsutsar huhun ɓera ya ɗauka wani baƙon jinsi ya shigo ƙasa alhali ɗan gida ne.

Duk jerin da za a zuba a GenBank ko rumbun BOLD ya tafi da lambar dabbar, wurin da aka kama ta, kwanan wata, da sunan ma'ajiyar da gangar jikin take. Sashen da ba shi da ma'ajiya, kabad ɗaya mai makulli, kwalabe masu murfin da ba ya yoyo, littafin rajista, da mutum ɗaya da zai riƙa cika etanol duk bayan wata shida sun isa a fara.

Wassalam.

Wasu masu nazarin dabbobi marasa ƙashin baya